Daga bakin titi zuwa ƙofar gida: wa ke da alhakin hanyoyin bayan garin Kaduna?

Baban Sadiƙ, Hayin Ɗanmani:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta, kuma don Allah kowa ya ajiye jam'iyyarsa a gefe. Duk wanda ya shiga cikin garin Kaduna yanzu ya san an yi aiki. Gadar Kawo tana nan, gadar ƙasa ta Leventis tana nan, an faɗaɗa tituna, an sa fitilu. Amma mu da muke kwana a Rigasa, Ɗanmani, Nariya, Mando, Rigachikun da Maraban Jos, wahalarmu tana farawa ne daga inda mota ta sauke mu a bakin titi. Daga nan zuwa ƙofar gida sai rami, sai taɓo da damina, sai ƙura da rani. Mai keke ya dubi layinku ya ce ba zai shiga ba, ko ya ce sai dai shata. Kuɗin da kake kashewa a wannan ɗan guntun wuri ya kan kai na doguwar tafiyar da ka yi daga Kasuwa. Tambayata ita ce: hanyar cikin unguwa hakkin wa ce? Kuma me ya sa duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka wani?

Maman Hanifa, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Baban Sadiƙ, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni a bayan Makarfi Road nake. Idan aka kwana ana ruwa, yarana a leda suke zuba takalmi da safa, su taka da silifa har bakin titi, can su wanke ƙafa da ruwan leda sannan su sa takalmin makaranta. Ƙaramar kuwa goya ta yayarta take yi a wurin da ruwa ya cinye kwalbati. Kullum da safe haka, tun daga Yuni har ƙarshen Satumba.

Ɗan Kawo:
Ni fa ina ganin a riƙa yi wa gwamnati adalci. Kun manta yadda Kawo take kafin 2019? Mutum ya taso daga Zariya lafiya lau, ya zo bakin gada ya ɓata lokacin da ya fi na tafiyar. Da aka ƙaddamar da aikin sabunta birni a shekarar, har Shugaba Buhari ya zo ya buɗe sabuwar gadar a Janairun 2022, ai kowa ya ga bambanci. Kuma ku 'yan Rigasa ba ku da bakin kuka sosai, tashar jirgin Abuja a unguwarku take tun 2016, babban titinku daga Bakin Ruwa da kwalta. Ba a gina gari rana ɗaya.

Baban Sadiƙ, Hayin Ɗanmani:
Ɗan'uwa ai da yabon na fara, koma ka duba. Amma wannan titin tashar, wa aka yi wa? Fasinjan Abuja ya sauka daga jirgi, ya shiga mota, ya miƙe har Baifas, babban titin da ya bi ta yammacin gari, bai ga komai ba. Da zai karya kwana hagu ko dama ya shiga layi biyu kacal, da ya ga wata Rigasar daban.

Injiniya, Unguwar Dosa:
Bari in ɗan yi bayani a kan tambayar farko, domin aikina ya shafi wannan. Hanyoyi kashi uku ne a ƙasar nan. Akwai na tarayya, irin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, da Baifas ɗin Nnamdi Azikiwe. Akwai na jiha. Sannan akwai na ƙaramar hukuma, kuma tsarin mulkin 1999 ya lissafa su ƙarara a cikin ayyukanta: layukan unguwa, magudanan ruwa, tashoshin mota, kasuwanni, kwashe shara. To a takarda, layinku na ƙaramar hukuma ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, garin Kaduna ya daɗe da tsallake iyakar Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu. Rigasa, Rigachikun da Maraban Jos duk Igabi ne, hedikwatarsu tana Turunku. Sabon Tasha, Unguwar Romi, Gonin Gora, Maraban Rido da Millennium City duk Chikun ne, hedikwatarsu tana Kujama. Waɗannan ƙananan hukumomi ne masu faɗin ƙasa da ƙauyuka barkatai, ga matsalar tsaro, ga albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da ke lashe mafi yawan abin da ya shigo. Sai ga shi an ɗora musu unguwanni masu cunkoson birni. Mutumin Rigasa a cikin gari yake aiki, a cikin gari yake cefane, amma idan kwatarsa ta toshe, ofishin da zai kai kuka yana can Turunku, wurin da wataƙila bai taɓa takawa ba.

An so a magance wannan a 2021 da aka kafa hukumar kula da babban birnin jihar, wadda aka ce za ta haɗa yankunan birni na ƙananan hukumomin nan huɗu ƙarƙashin kulawa ɗaya. Tunanin daidai ne a ganina. Sai dai kafa hukuma daban, sakar mata kuɗin da za ta shiga lungu daban.

Maman Hanifa, Rigasa:
Injiniya Allah ya ƙara basira. To hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye fa? Mu dai har yau ba mu ga gireda a layinmu ba.

Injiniya, Unguwar Dosa:
Hajiya hukuncin yana nan, amma ko an sakar musu kuɗin gaba ɗaya, ba zai ishi yi wa Rigasa kwalta layi-layi ba. Abin da zai iya yi shi ne kwalbati, magudana da burji, kuma wallahi waɗannan ukun su ne rabin maganin.

Mai Keke, Bakin Ruwa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda an ambace mu, bari in faɗi namu ɓangaren, don kullum mu ake zagi. Yawancinmu keken ba namu ba ne. Ko dai kana kai balas kullum, wato kuɗin da ake kai wa mai shi, ko an ba ka a kan biya a hankali, wanda kafin ka gama biya keken ya tsufa. Kafin ka ɗauki fasinja na farko ka yanki tikiti. Man fetur kuwa kowa ya sani, kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kayan gyara ma haka suka bi.

To ka ɗauki mutum huɗu, uku za su sauka a bakin titi, ɗaya ya ce a shiga da shi ciki. Ka shiga, ƙasan keke ya daki dutse, ko ruwa ya shiga inji, ko taya ta faɗa ramin da ruwa ya rufe ba ka gani ba. Ranar nan a wurin bakanike za ka ƙare, kuma wanda ya ba ka keken ba ruwansa, balas ɗinsa yake jira da yamma. Sannan ka fito daga layin babu fasinja, man dawowa a kanka. Wallahi ba ƙeta ba ce. Layin da aka zuba wa jar ƙasa aka daddaɓe, ko ba kwalta, da gudu muke shiga, don can ne mutane suke.

Malama, Rigachikun:
Ƙanena na ji uzurinka, kuma gaskiya ka faɗa. Amma ku ma ku ji tsoron Allah a kan lodi. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, a kan titin Zariya inda tirela ke wucewa kamar iska. Na ga ɗalibata an ɗora ta a gefen direba rabin jikinta a waje, jakarta tana lilo. Idan hannun direba ya karkace fa?

Mai Keke, Bakin Ruwa:
Haka ne Anti, ba zan kare wannan ba. Akwai masu yi, kuma fasinja ma wani lokacin shi ke roƙo don ya makara.

Maman Grace, Sabon Tasha:
Sannunku 'yan'uwa. Ina karanta ku kamar labarin unguwarmu kuke bayarwa. Ku tsallako gadar Kogin Kaduna ku zo Romi, Kamazou, Gonin Gora ko Maraban Rido, abin da kuke kuka da shi shi muke kuka da shi. Titin Kachia da safe cunkoso, cikin layi zaizayar ƙasa ta ci har gindin katangar mutane. Mu ma idan an ce ƙaramar hukuma, sai mu kama hanyar Kujama. Na faɗi wannan ne don a daina cewa an gyara wa wancan ɓangaren an bar wannan. Tsakiyar gari aka gyara, gefe-gefen duka an bar mu, kudu da arewa.

Baban Sadiƙ, Hayin Ɗanmani:
Madalla da wannan magana Maman Grace. Da za mu riƙa kai kuka tare, da ya fi nauyi.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe, Tudun Wada:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Kaduna gari ne da aka zana shi kafin a zauna. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, suka fitar da layuka a miƙe, shi ya sa har gobe Tudun Wada da cikin gari layukansu suke a tsare. Da masaƙu suka zo Kakuri, ta farko a 1957, sannan kamfanin haɗa Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980, ma'aikaci yana zaune kusa da wurin aikinsa, wasu kamfanonin ma da motocin ɗaukar ma'aikatansu. Lokacin Rigasa ƙauye ce, gonaki ne ko'ina.

Abin da ya canza garin nan, mu faɗa wa juna gaskiya, rikicin 2000 ne da na 2002. Mutane suka tashi daga inda suka saba, kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Wasu suka yi Rigasa da Mando da Rigachikun, wasu suka yi Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora. Cikin gaggawa aka sayi filaye, cikin gaggawa aka yi gini, ba wanda ya tsaya zancen hanya. Daga baya kuma 'yan bindiga suka taso mutanen ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi da Chikun, su ma suka shigo gefen gari suka raɓa. Ga masaƙun sun mutu, aikin ya koma kasuwa da ofisoshin tsakiyar gari. Shi ya sa kowace safiya rabin gari ke tururuwa zuwa wuri ɗaya, kowace yamma su juya.

Injiniya, Unguwar Dosa:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ka kawo ni inda nake son zuwa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Awon igiya shi ne babban abin da ya kashe unguwannin nan. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti-fuloti, hanyar da za a bari a matse ta don a ƙara fitar da fuloti ɗaya. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba inda ruwa zai bi. Wanda ya saya shi ma ya zo ya ci taku biyu daga hanyar ya yi dakali ko shago ko ramin masai. Yau ko gwamnati ta kawo kuɗi a buhu, akwai layukan da gireda ba za ta iya shiga ba sai an rushe gidaje. Kuma ranar da aka shafa jan fenti a katanga, mu ɗin nan ne za mu fara ihu.

Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. Duk wanda ya yi gini a kan rafi ko a bakin kogi, Agusta da Satumba za su tuna masa. Kowa ya san yadda Rafin Guza, Kigo Road, Bashama Road da Nasarawa suke shan ambaliya idan Kogin Kaduna ya cika.

Baban Sadiƙ, Hayin Ɗanmani:
Injiniya a nan kam ban bi ka duka ba. Talaka bai sayi awon igiya don yana sha'awa ba. Filin da gwamnati ta tsara, nawa ne kuɗinsa, kuma wa ke samu? Mutum yana haya a Tudun Wada, mai gida ya ƙara kuɗi, iyali sun ƙaru, ya tara 'yan kuɗinsa ya nufi inda ƙarfinsa ya kai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna. Lokacin da ake yanka gonakin nan, shekara da shekaru, ina hukuma take? Ai ba da dare aka gina Rigasa ba. Da an riga mutane zuwa an fitar da hanya an kafa duwatsu, ba wanda zai hau. An bari sai da gari ya cika sannan a zo a ce laifin mai gida ne. Kuma idan ana maganar haraji ko ƙuri'a, ba a taɓa cewa layinmu ya yi matsatsi ba, har ƙofar gida ake iske mu.

Injiniya, Unguwar Dosa:
Na yarda hukuma ta makara, ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne yanzu haka ana maimaita kuskuren a bayan Millennium City, da hanyar Mando zuwa Buruku, da gefen Maraban Jos. Nan da shekara goma za a buɗe irin wannan muhawarar a kansu.

Maman Hanifa, Rigasa:
Ku maza kuna ta zancen fili da doka, ni bari in faɗi abin da mata ke gani. Maƙwabciyata naƙuda ta kama ta da tsakar dare ana ruwa. Mai motar da aka kira ya tsaya a bakin titi ya ce ba zai iya shigowa ba, kuma gaskiyarsa ne, don ruwa ya kai gwiwa a wurin kwalbatin. Mu mata muka riƙe ta, ɗaya ta wannan hannu ɗaya ta wancan, mijinta yana gaba da fitilar waya yana laluben inda ƙasa take. Duk taku kaɗan sai ta durƙusa mu jira ciwon ya lafa. Zaninta ya jiƙe sharkaf, takalminta ɗaya ya tafi da ruwa. Allah ya sa ta sauka lafiya bayan mun isa. Amma da jini ne ya ɓalle mata fa? Irin wannan ne ke sa mata da yawa haihuwa a gida, a zo ana cewa ba sa son asibiti.

Ga ruwan sha. Famfo bai taɓa zuwa layinmu ba, 'yan garuwa muke saye. Su ma da damina kurarsu ba ta shiga taɓo, sai kuɗin jarka ya tashi. Kun ga hanyar nan ita ce ruwanmu, ita ce asibitinmu.

Maman Grace, Sabon Tasha:
Kai, Allah ya kiyaye gaba 'yar'uwa. Mu ma an sha ɗaukar mara lafiya a baro zuwa bakin titi.

Ɗan Kawo:
Wannan labari ya taɓa ni Hajiya. Amma dai a lura, gwamnatin Uba Sani ta kawo manyan motoci masu amfani da gas a 2025, aka fara ɗaukar mutane kyauta, an gina wuraren jira a bakin titi. Akwai kuma maganar layin bas na musamman daga Kawo zuwa Sabon Tasha. Wannan ai sauƙi ne ga talaka.

Malama, Rigachikun:
Sauƙi ne sosai, ni shaida ce, ina shiga. Malaman makaranta da ɗalibai da 'yan fansho sun ji daɗinsa. Matsalar ita ce motar a babban titi take bi. Wanda ke can cikin Hayin Malam Bello ko Nariya sai ya biya mashin ko keke kafin ya iso inda za ta tsaya, ya dawo ya sake biya da yamma. Da safe kuma layin masu jira ya fi kujerun yawa, mai sauri dole ya haƙura ya shiga ta kuɗi. Da za a samu ƙananan motoci masu shiga manyan layukan unguwa suna kawo mutane bakin titi a farashi tsayayye, da tsarin ya cika. Amma ƙaramar motar ma sai da hanyar da za ta bi, kun ga mun dawo kan maganar Baban Sadiƙ.

Mai Keke, Bakin Ruwa:
Wani abin kuma a taimaka a faɗa, tsallaka Baifas. Daga Kurmin Mashi zuwa Bakin Ruwa zuwa Kabala West, unguwanni ne hagu da dama, yara na tsallakawa makaranta da islamiyya, manyan motoci kuma ba su da wata hanyar sai nan. Da an gama Baifas ta gabas da aka fara sama da shekara ashirin, da tirelolin da ba su da harka da cikin gari sun bi can.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe, Tudun Wada:
Yaro ka yi gaskiya. Lokacin da aka yi Baifas ɗin yamma, bayan gari ce. Yanzu tsakiyar mutane take.

Alhaji, Mando:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Mu a layinmu mun gaji da jira, muka zauna da mai unguwa, aka yanka wa kowane gida abin da zai iya, masu shago suka ƙara. Muka sayi tifofin jar ƙasa, matasa suka fito gayya ranar Asabar. Shekarar farko ruwa ya kwashe ƙasar tas, saboda ba mu yi magudana ba. Da muka samu mai sani ya duba mana gangaren, sai muka fara da kwata gefe biyu da kwalbati a mahaɗa, sannan aka zuba ƙasa. Yanzu keke yana shiga har ƙarshen layi. Abin da ya fi ba mu wahala ma ba kuɗin ba ne, shawo kan mutum biyu ne su janye dakalinsu daga kan hanyar ruwa, da hana zuba shara a kwata idan hadari ya haɗu.

Baban Sadiƙ, Hayin Ɗanmani:
Alhaji Allah ya saka muku. Amma ina da tsoro ɗaya. Mun sayi taransifoma da kuɗinmu, mun haƙa burtsatse da kuɗinmu, muna biyan 'yan sintiri da kuɗinmu, yanzu hanya ma mu. Idan muka ɗauke komai, sai a saba, a ɗauka haka ya kamata. Kuma layin da yake da masu hali zai gyaru, layin zawarawa da 'yan gudun hijira ya zauna yadda yake.

Alhaji, Mando:
Malam ban ce a sauke wa hukuma nauyinta ba. Amma da muka je wurin kansila da hoton aikin da muka yi da takardar abin da muka kashe, kallon da ya yi mana daban ne da na lokacin da muke zuwa hannu rabbana. Mun nemi gireda da injiniyan da zai duba, ba mu nemi kwalta ba.

Injiniya, Unguwar Dosa:
Duk unguwar da ta shirya, ni zan zo in duba mata gangaren ruwa ba tare da ko sisi ba, ranar Asabar ko Lahadi. Sharaɗina ɗaya, a yi kafin ruwan farko, tsakanin Janairu da Maris, kuma mai unguwa ya kasance a wurin, don zancen janye katanga ba na baƙo ba ne. Ku rubuta takarda ɗaya, sunan layi, tsawonsa, inda ruwa ke taruwa, gida nawa ke amfani da shi, a kai wa kansila, a kai kwafi ofishin ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, a karɓi shaidar an karɓa.

Maman Grace, Sabon Tasha:
Injiniya har da mu na ƙetaren gada?

Injiniya, Unguwar Dosa:
Har da ku Madam. Ki turo mini sunan layin ta akwatin saƙo.

Maman Hanifa, Rigasa:
To ni zan yi wa matan layinmu magana a islamiyya gobe in sha Allahu, mazan kuma Baban Hanifa ya same su bayan sallar isha'i. Alhaji don Allah kwalbatin da kuka yi, na zobe kuka saya ko zubawa aka yi a wurin? Namu wurin yana da faɗi, ruwan layi uku ne ke haɗuwa a nan.